Shekarar da Ba a Auna Ba

A shekarar 1956 wasu masana daga Ingila suka kafa 'yar tasha a kan wani shimfiɗeɗɗen falalen ƙanƙara da ke manne da gaɓar nahiyar Antaktika, can ƙarshen duniya ta kudu, suka sa mata suna Halley. Cikin ayyukan da aka ɗora wa mazauna tashar har da auna yawan iskar ozon, wadda ke can sama tana tare mugun hasken rana mai ƙona fata da jawo sankara. Aiki ne maras armashi. Mutum zai fito cikin sanyin da ke daskarar da numfashi, ya saita na'ura, ya rubuta lamba a littafi, gobe ya sake, jibi ya sake. An shafe kusan shekara ashirin lambobin ba su nuna wani abin a zo a gani ba, kuma da a ce wani akawun baitulmali ya tsaya ya tambayi amfanin wannan wahala a wancan lokaci, da wuya a sami amsar da za ta gamsar da shi. Sai daga ƙarshen shekarun 1970 lambobin watan Oktoba suka fara sauka, suka ci gaba da sauka har Joe Farman, wanda ke kula da aikin, ya fara zargin na'urar ce ta lalace, aka aika da wata sabuwa, ita ma ta faɗi abin da tsohuwar ta faɗa. A watan Mayun 1985 shi da abokan aikinsa biyu, Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka bayyana wa duniya cewa lemar ozon ta ɓule a saman Antaktika. Shekara biyu bayan haka, a 1987, aka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal wadda ta hana sinadaran firij da na gwangwanin feshi masu cinye ozon ɗin, kuma yau babu ƙasa a Majalisar Ɗinkin Duniya da ba ta cikinta.

Na fara da wannan labari ne domin a cikinsa duk hujjata take. Ba wanda zai iya gane cewa lambar 1984 ta yi ƙasa in ba don akwai lambobin 1957 da 1965 da 1972 a rubuce ba, lambobin da a ranar da aka rubuta su ba su da wata daraja a idon kowa. Ra'ayina shi ne, abu mafi tsada a binciken tekunan ƙanƙara da sararin samaniya ba manyan jirage ba ne, ba kuma hotunan beyar da ke tsaye kan guntun ƙanƙara da ake yaɗawa don a tausaya ba. Abu mafi tsada shi ne awon da ba a katse ba, shekara bayan shekara, kuma wannan awo yana hannun ƙasashe ƙalilan waɗanda siyasarsu ta cikin gida da rigimarsu da juna za su iya yanke shi a dare ɗaya. Hanya idan ta lalace ana gyara ta baɗi, asibiti idan aka rufe ana iya buɗe shi, amma kaurin ƙanƙarar Tekun Aktik, da ke ƙarshen duniya ta arewa, a hunturun da ba a auna ba, babu kuɗin da zai sayo shi daga baya.

Haka ya faru da Charles David Keeling, wanda ya fara auna iskar kabon dayoksaid, mai riƙe zafi a sararin duniya, a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawayi a 1958. Ya tarar da kimanin kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420. Layin da awon nasa ya zana, mai hawa kamar matakalar bene, shi ne ginshiƙin duk maganar ɗumamar yanayi, amma duk wanda ya duba shi da kyau zai ga ɗan giɓi a farkon 1964, lokacin da kuɗin aikin ya yanke na 'yan watanni. Giɓin yana nan har gobe.

To amma awon Keeling bai kai shekara saba'in ba, kuma mai gardama zai iya cewa wa ya sani ko dama can iskar tana hawa da sauka haka. A nan ne ƙanƙara ta shigo, kuma a nan ne nake ganin ɗan'adam ya yi ɗaya daga cikin ayyukan hankali mafi ban mamaki. A tsakiyar Antaktika da tsakiyar Girinland, babban tsibirin da ke can arewacin duniya, da wuya dusar ƙanƙara ta narke. Ta bana tana sauka kan ta bara, ta bara tana kan ta bara waccan, nauyin na sama yana danne na ƙasa har ya zama ƙanƙara mai tauri, kuma yayin da take matsewa tana rufe 'yan ƙwayoyin iska a cikinta. Wannan iska ba kwatankwacin iskar zamanin da ba ce, ita ce da kanta, an kulle ta kamar yadda ake kulle hatsi a rumbu. Masana sukan haƙa ƙanƙarar kamar masu haƙa rijiyar burtsatse, sai dai su abin da ke fitowa daga ramin shi ne bukatarsu: dogayen sanduna na ƙanƙara, kowanne da lambarsa da zurfinsa. Masanin Faransa Claude Lorius ya ba da labarin yadda dabarar ta faɗo masa a Antaktika a 1965, sa'ad da ya jefa guntun tsohuwar ƙanƙara a kofin abin shansa ya ga ƙwayoyin iska suna fashewa suna tasowa. A tashar Vostok ta Rasha, inda aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a doron ƙasa, digiri 89.2 ƙasa da sifiri a watan Yulin 1983, an haƙo tarihin shekara dubu 420. Ayarin ƙasashen Turai da ya yi haƙa a wurin da ake kira Dome C ya nutsa fiye da kilomita uku, ya kai shekara dubu 800. A watan Janairun 2025 kuma aka sanar da cewa wani haƙa na mita 2,800 a kusa da can ya taɓo ƙanƙarar da ta kai shekara miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

Abin da waɗannan sanduna suka faɗa a taƙaice yake. A cikin shekara dubu 800, duniya ta shiga zamanin sanyi ta fita sau da dama, kuma iskar kabon tana sauka zuwa wajen 180 a lokacin sanyi, ta hau zuwa wajen 280 ko 300 a lokacin ɗumi, ba ta taɓa wuce nan ba. Kafin zamanin masana'antu tana wajen 280. Cikin abin da bai kai shekara ɗari uku ba mun kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba a duk tsawon wancan tarihi. Kuma ƙanƙarar ba ta rufa wa kowa asiri: a cikin ta Girinland an sami ƙurar dalma daga maƙerun azurfa na daular Rum, an sami alamar aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya na 1815 a ƙanƙarar kudu da ta arewa, an ga lokacin da aka fara zuba dalma a man fetur da lokacin da aka daina. Wanda ya yarda da ita a kan dalmar Rumawa ba shi da hujjar ƙaryata ta a kan hayaƙin gawayi da fetur.

Akwai wani ruɗani da nake yawan ji, har daga bakin masu ilimi, kuma gara a warware shi kafin a ci gaba. Ƙanƙara iri biyu ce. Akwai wadda ke samuwa idan saman teku ya daskare, wadda kaurinta bai wuce 'yan mitoci ba. Narkewar wannan ba ta ƙara tsayin teku sosai, kamar yadda ƙanƙarar da ke yawo a kofin zoɓo ba ta sa shi ya zube idan ta narke. Illarta ta wani wajen take. Farar ƙanƙara tana mayar da yawancin hasken rana sama, baƙin ruwan teku kuwa yana shanye shi, kuma duk wanda ya taɓa sa baƙar riga da tsakar rana a watan Afrilu ya san bambancin. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya bayyana, ruwa ya sha zafi, ƙarin ƙanƙara ta narke. Tun da taurarin ɗan'adam suka fara sa ido a 1979, faɗin ƙanƙarar Tekun Aktik a watan Satumba, lokacin da ta fi ƙanƙancewa, yana raguwa da fiye da kashi 12 cikin ɗari duk shekara goma. A shekarun 1980 takan tsaya wajen murabba'in kilomita miliyan bakwai, a 2012 ta faɗi zuwa miliyan 3.4, wato an rasa filin da ya kusa ninka Najeriya sau huɗu. Wannan na cikin dalilan da suka sa yankin Aktik ke ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya.

Iri na biyu ita ce wadda ke zaune a kan ƙasa, tudun ƙanƙarar Girinland da na Antaktika, wanda kaurinsa a wasu wurare ya haura kilomita huɗu. Wannan idan ta gangara teku sabon ruwa ne aka zuba a kofin da ya riga ya cika. Ta Girinland kaɗai ta isa ta ɗaga teku da mita bakwai, ta Antaktika kuwa wajen mita 58. Ba wanda ke cewa hakan zai faru a zamaninmu ko na jikokinmu, kuma masu kururuwar cewa Legas za ta nutse nan da shekara goma suna yi wa gaskiya illa. Abin da aka tabbatar shi ne tun daga 2002 wasu tagwayen taurarin ɗan'adam masu auna nauyin ƙasa daga sama sun nuna Girinland tana asarar wajen tan biliyan 270 na ƙanƙara a shekara, Antaktika kuma wajen tan biliyan 150. Teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tun daga 1900, kuma saurin ƙaruwar ya ninka a cikin shekara talatin da suka wuce. Santimita ashirin ba ta cika ido ba, sai ranar da ta haɗu da tumbatsar teku da guguwa da ƙasar da ke nutsewa saboda yashe yashi da zuƙe ruwan ƙarƙashinta, kamar yadda mutanen Ayetoro a jihar Ondo da na Keta a Gana da na Saint-Louis a Sanigal suke gani.

Wurin da ya fi hana masana barci shi ne kogin ƙanƙara na Thwaites a yammacin Antaktika, wanda girmansa ya kusa na ƙasar Sanigal. Gindinsa yana zaune a kan dutsen da ke ƙasa da bakin teku, kuma dutsen yana ƙara zurfi yayin da aka nufi cikin nahiyar, saboda haka ruwan teku mai ɗan ɗumi yana kutsawa ta ƙarƙashi yana cinye shi, duk inda ya ja baya kuma sai ya buɗe wa ruwan ƙofa mafi faɗi. Shi kaɗai yana ɗauke da abin da zai ɗaga teku da santimita 65, kuma yana tokare da ƙanƙarar da ke bayansa kamar yadda ginshiƙi ke tokare da azara. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin. Sai da Amurka da Birtaniya suka haɗa kuɗi a 2018, aka kai mutane suka kwana a tanti, suka huda kusan mita 600 na ƙanƙara da ruwan zafi, suka zura wani siririn mutum-mutumi mai kyamara ta cikin ramin, sannan aka ga yadda narkewar ta fi tsanani a cikin tsagogi da gangare. Zuwa da kai ya fi aike, kuma zuwan nan yana bukatar jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara, da jirgin sama mai sauka a kan dusa, da mai, da shekarun shiri.

Ga inda mai suka zai tsaya, kuma ba zan raina sukar tasa ba. Daga Satumban 2019 zuwa Oktoban 2020 jirgin binciken Jamus mai suna Polarstern ya bari da gangan ƙanƙarar Tekun Aktik ta kama shi, ya bi ta duk inda ta ja shi, kamar yadda Fridtjof Nansen na Norway ya yi da jirginsa Fram daga 1893 zuwa 1896. Tafiyar ta ɗauki kwana 389, masana daga ƙasashe ashirin suka yi ta karɓa-karɓa, aka kashe wajen yuro miliyan 140. Mutumin da ƙauyensu ba shi da rijiya yana da ikon tambaya ko wannan ba almubazzaranci ba ne. Yana da ikon ƙarawa da cewa ba don Allah kaɗai manyan ƙasashe ke tururuwa can ba. Ƙanƙarar da ke janyewa tana buɗe hanyar jiragen dakon kaya ta arewacin Rasha, tana sauƙaƙa haƙar mai da gas da ma'adinai, kuma tashar bincike sau da yawa tuta ce da aka kafa da sunan kimiyya. Kwaɗayin da shugaban Amurka Donald Trump ya nuna a fili a kan Girinland, a 2019 da kuma 2025, ba kwaɗayin sandunan ƙanƙara ba ne.

Duk wannan gaskiya ne. Amma kuɗin waccan tafiya bai kai farashin jiragen yaƙi na zamani guda biyu ba, kuma ban taɓa ganin inda aka soke bincike aka tura kuɗinsa haƙa rijiyoyi a Sahel ba. Idan an yanke, wani wuri yake tafiya. Game da muguwar niyya kuwa, maganinta ba rufe tashoshin ba ne, maganinta doka ce da buɗe littafi. Yarjejeniyar Antaktika da ƙasashe goma sha biyu suka sa wa hannu a 1959, a tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka da Tarayyar Sobiyet duk suna ciki, ta hana soja da gwajin nukiliya a nahiyar, ta jingine iƙirarin mallaka, ta kuma wajabta musayar sakamakon bincike. Ƙarin da aka yi mata a Madrid a 1991 ya hana haƙar ma'adinai. Ba cikakkiya ba ce, amma ta riƙe nahiya guda mai faɗin Najeriya sau goma sha biyar ba tare da an harba harsashi a kanta ba fiye da shekara sittin.

Sai tambayar da ta fi kusa da mu: mene ne haɗin manomin gero a Maraɗi ko Katsina da ƙanƙarar Girinland? Da ma a ce amsar ita ce babu, amma akwai. Waɗanda suka rayu a farin 1973 da na 1984 sun san abin da rashin damina ke yi wa gida da garke. A lokacin, bayanin da ya fi karɓuwa a wurin masana da masu ba da agaji shi ne mutanen Sahel ne suka jawo wa kansu, makiyaya sun cinye ciyawa, mata sun sare itace, ƙasa ta yi tsirara, ruwa ya ɗauke. Masanin yanayi na Amurka Jule Charney ya ba wannan ra'ayi ƙarfi a 1975, kuma an gina tsare-tsare a kansa, an ɗora wa makiyayi laifi. Sai daga baya, da aikin masanan hukumar yanayi ta Birtaniya a 1986 da na Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, aka nuna cewa babban direban farin yana cikin teku. Damina tana bin ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Idan arewacin Tekun Atlantika ya yi sanyi in aka kwatanta da kudancinsa da sauran tekunan wurare masu zafi, ɗamarar gizagizan da ke kawo mana ruwa ba ta hawowa arewa yadda ta saba. Cikin abubuwan da suka sanyaya arewacin tekun a waɗancan shekaru har da hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana. Ba a wanke sare itace daga kowane laifi ba, amma wanda ya wanke makiyayi daga babban zargin shi ne ma'aunin zafin teku da jiragen ruwa suka yi ta rubutawa tsawon shekaru, ba tare da sun san akwai wani Bafulatani da zai amfana ba.

Girinland tana shigowa ne ta wannan ƙofa. A Tekun Atlantika akwai wata babbar igiyar ruwa da ke ɗauko ɗumi daga kudu zuwa arewa ta sama, idan ta isa kusa da Girinland da Norway ruwan ya yi sanyi ya yi nauyi saboda gishirinsa, sai ya nutse ya komo kudu ta ƙasa. Ruwan da ke narkowa daga ƙanƙara ba shi da gishiri, ba shi da nauyi, saboda haka idan ya yi yawa yana rage nutsewar, igiyar ta yi sanyin jiki, arewacin tekun ya rasa ɗuminsa. Laka da aka haƙo daga ƙarƙashin teku daura da Sanigal da Muritaniya ta nuna cewa a zamanin sanyi na ƙarshe, duk lokacin da wannan igiya ta raunana, Sahel ya shiga farin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. Wani bincike da masanan Faransa suka fitar a 2017 ya gwada narkewar Girinland cikin gaggawa a kwamfuta, ya ga damina ta ja baya daga Sahel, filin gero da dawa ya tsuke. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021 igiyar za ta raunana a wannan ƙarni, sai dai masana sun rabu a kan yawan raunin da kuma ko akwai gaɓar da idan ta wuce ba ta dawowa. Jerin na'urorin da ke auna ta kai tsaye, waɗanda aka dasa a faɗin tekun tsakanin Bahamas da tsibiran Kanari, sun fara aiki ne a 2004. Shekara ashirin da 'yan kai ba su isa a bambance sauyi na gaske da hawa da saukar da igiyar ta saba yi ba. Amsar da ta shafi rumbunmu tana cikin shekaru talatin na awo da ba a yi ba tukuna.

Shi ya sa abin da ke faruwa a 'yan shekarun nan yake tayar mini da hankali. Bayan Rasha ta auka wa Ukraine a 2022, sauran ƙasashe bakwai na Majalisar Aktik, wadda ta haɗa ƙasashen yankin, suka dakatar da aiki da Rasha. Ana iya fahimtar fushin, amma kusan rabin gaɓar Tekun Aktik na Rasha ne, kuma a Saberiya ne mafi yawan ƙasar da ke daskare shekara da shekaru take, wadda ke riƙe da kabon da ya kusa ninka wanda ke sararin samaniya sau biyu, wadda kuma ta fara saki yayin da take narkewa. A Yunin 2020 an auna digiri 38 a garin Verkhoyansk da ke cikin da'irar Aktik, zafin da ko a Sakkwato sai an nemi inuwa. Yanzu bayanan tashoshi da dama na wannan yanki ba sa isa ga sauran masana, na'urorin haɗin gwiwa sun tsaya. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta gabatar da kasafin da ke neman zaftare kuɗin binciken yanayi, har da ɗakunan binciken da ke kula da awon Mauna Loa, aka kuma yanke shawarar sallamar jirgin Nathaniel B. Palmer, babban jirgin bincikenta mai fasa ƙanƙara a Antaktika. Ƙasa tana da ikon tsara kasafinta yadda ta ga dama, amma abin da take riƙe da shi a nan ya fi kama da waƙafi: ita ce mai kula, amfanin na kowa ne, har da waɗanda ba a haifa ba. Kamata ya yi a ware wasu awo na asali, iskar kabon da ozon da kaurin ƙanƙara da zafin teku da ƙarfin waccan igiya, a ɗora su kan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa mai asusun da ba ya jiran zaɓen kowace ƙasa, a kuma keɓe musayar bayanansu daga takunkumi kamar yadda ake keɓe magani. An riga an ga irinsa yana aiki: na'urorin Argo kusan dubu huɗu da ke yawo a tekunan duniya, kowacce tana nutsawa mita 2,000 ta taso duk kwana goma ta aika da zafi da gishirin ruwa, ƙasashe da dama ne ke zuba su, kuma ɗalibi a Zariya ko Yamai yana iya sauke bayanansu kyauta.

Mu kuma fa? A duk Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ce kaɗai ke cikin yarjejeniyar Antaktika, tana da tasharta da jirginta da ke tashi daga Cape Town. Ba na cikin masu cewa Najeriya ko Nijar ta je ta kafa tasha a kan ƙanƙara don a ce mu ma muna nan, wannan rawar 'yan bori ce da kayan aro. Abin da ya rage mana ya fi haka arha kuma ya fi haka wuya. Na farko, mu sami masananmu da za su iya karanta waɗannan bayanai su tambaye su tambayarmu, domin masanin da ke Bremen ko Cambridge zai fara tambayar abin da igiyar za ta yi wa hunturun Turai ne kafin ya tuna da ranar shukar gero. Na biyu, mu riƙe namu awon. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya ƙarancin tashoshin awon yanayi, nesa ƙwarai da adadin da ake bukata. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, mai nazarin yanayi da noma da ruwa a Sahel, an kafa ta ne a 1974, bayan fari ya riga ya yi ɓarnarsa. Na taɓa tsayawa a wata tsohuwar gonar gwaji inda na ga ma'aunin ruwan sama ya yi tsatsa, kaji suna kwana a akwatin ma'aunin zafi, mai gadin ya ce tun da dattijon da ke rubutawa ya yi ritaya ba a kawo wani ba, littattafan kuma gara ta cinye rabinsu. Samfurin kwamfutar da zai gaya mana abin da narkewar Girinland za ta yi wa daminarmu, da irin waɗancan littattafai ake gwada ingancinsa. Ba mu da bakin zargin Washington da katse awo alhali namu yana hannun gara.

Tashar Halley ma ba ta tsira ba. Falalen ƙanƙarar da take kai ya fara tsagewa, aka janye gine-ginenta kilomita 23 zuwa ciki, kuma daga 2017 aka daina barin mutane su yi hunturu a can saboda ba za a iya ceto su cikin duhun watannin sanyi ba idan wani abu ya faru. Littafin ozon da aka fara tun shekarun 1950 ya sami giɓinsa. Injiniyoyi suka koma suka haɗa ɗan injin lantarki da zai yi ta aiki watanni ba mai taɓa shi, suka jona masa na'urar awon mai sarrafa kanta, ta ci gaba da aiko da lambobi ta tauraron ɗan'adam daga tashar da babu kowa a cikinta. A Janairun 2023 wani yanki na falalen mai faɗin murabba'in kilomita 1,550 ya ɓalle ya shiga teku, tashar tana ɓangaren da ya rage. Hasashen masana shi ne lemar ozon a saman Antaktika za ta koma yadda take a 1980 wajen shekarar 2066, kuma wanda zai tabbatar da hakan a watan Oktoban wannan shekara mai yiwuwa yanzu yana firamare.